Kafin Zarto Ya Taɓa Gaban Motar Baba

Ɗana, in Allah ya sa tsohuwar mota ta shigo hannunka, ko ta gado ce ko kai ka tara kuɗinka ka saya don sha'awa, na san abin da zai fara zo maka a rai tun kafin ka duba baƙin mai da ruwan lagireto. Za ka zauna a kujerar direba, ka murɗa rediyo, ka ji ba abin da ke fita sai shuuu daga sifika guda da takardarta ta tsage, sai ka ce gobe-goben nan za a cire wannan a sa mai Bluetooth. Ban ga laifinka ba. Wanda ya tashi karatun Alƙur'aninsa da waƙoƙinsa da labaransa duk suna cikin waya, ba a ce masa ya koma naɗe zaren kaset da biro. Ke ma 'yata da kike jan Marsandin mahaifinki ranar Asabar, har da ke nake, don abin da ke samun motar yayanki shi ke samun taki.

Sa sauti ka ji daɗinka. Abin da nake so ka bambance kawai shi ne aikin da ake kwancewa da aikin da ba ya kwantuwa. Duk abin da aka ɗaure da noti, gobe in ka canza shawara ana iya warware shi, mota ta koma yadda take. Abin da aka sa wa zarto ko giranda kuwa ya tafi ke nan, kuma a tsohuwar mota abin da ya tafi ba kasafai ake samun madadinsa ba.

Ɗauki Fijo 504. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, daga 1975 kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta shiga harhaɗa motocin Fijo. Turawa sun daina yin salun ɗinta a 1983, mu nan muka ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Akwai lokacin da in ka tsaya bakin titi, motar gwamnati 504 ce, ta alhajin unguwa 504 ce, wagon ɗin da ke lodin fasinja a tasha ma ita ce. To yau ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ce kana neman fistin ko kaburetarta, da wuya ka fito hannu rabbana. Ka ce kana neman dash ɗinta lafiyayye, wanda rana ba ta fasa ba, wani kuma bai yanka ba, sai ka ga ana ta tura ka daga wannan rumfa zuwa waccan har la'asar. Inji ana sauke shi a sake masa rai sau nawa ma. Gaban mota kuwa sau ɗaya masana'anta ta yi shi.

Shi kuma abin da za a yanka dash ɗin dominsa, kwana nawa zai yi? Philips ya fito da kaset a 1963, ya yi zamaninsa. Faifan CD ya zo a 1982, har aka kai lokacin da duk ɗan gayu sai an huda masa but an ɗaura akwatin da ke canza faifai shida. Filash da memori suka kore shi, yanzu ga Bluetooth da allon taɓawa. Kowannensu ranar da ya zo cewa aka yi an gama. Motocin da aka yanka wa jiki saboda su suna nan da tabonsu, na'urorin kuwa tuni 'yan gwangwan suka auna su a sikeli. Allon Android ɗin nan mai araha da ake rububi, in ya sha ranar bazara ta bayan gilashi shekara biyu ko uku, ya shaƙi ƙurar hunturu, sai ka ga kana taɓa nan yana amsawa can. Motar da ta shekara 40 tana jiranka bai kamata ta rasa fuskarta saboda baƙon da ba zai kai shekara biyar ba.

Ga inda rigimar take. Rediyoyin mota na yanzu a kan ma'auni ɗaya ake ƙera su, wanda Jamusawa suka fara, aka mai da shi na duniya a 1984: faɗi milimita 180, tsayi milimita 50. Shi ake kira DIN. Mai allo kuma ninki biyu ne, 180 da 100. Motocin da suka girmi wannan ma'aunin da yawansu ba rami ne da su ba, 'yan huji biyu ne na sandunan murɗawa da 'yar taga a tsakiya. Saboda haka in ka kawo sabon rediyo ba zai shiga ba, mai aikin da ke sauri kuma ba zai tsaya dogon tunani ba, zai ce maka, “Oga, ɗan kaɗan za mu ci.” Wannan ɗan kaɗan ɗin ka ji tsoronsa. A Volkswagen Beetle, mai doron kunkurun nan da aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975, dash ɗin yawancinsu ƙarfe ne, haɗe yake da bodi, fentinsu ɗaya. In an yanka, mayar da shi sai walda da fanel bita da sabon fenti, kuma mai ido zai gane. Ƙari a kan haka, tankin man Beetle a gaba yake, dab da bayan dash ɗin. Ka tuna da wannan in ka ga yaro ya jona giranda tartsatsi na tashi. Garin neman gira ake rasa ido.

Marsandi ƙirar W123, wadda aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, ta fi sauƙi ta wannan fuska, don raminta ya yi kusa da ma'aunin yanzu, sau da yawa rediyo mai tsayi 50 zai zauna ba a taɓa komai ba. Amma ko a nan na sha ganin an fasa katakon da ke zagaye da maɓallan na'urar sanyaya ɗaki don a cusa allo. Katakon nan na gaske ne, an goge shi an shafe, ba leda mai zanen itace ba.

To me za a yi? Fara da tambayar ko tsohon rediyon ya mutu da gaske. Sau da yawa bai mutu ba. Eriya ce ta karye, ko sifika ta tsage, ko 'yan kafasitocin cikinsa suka bushe saboda shekaru, abin da mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, irin dattawan nan masu tabarau da ƙarfen dalma, zai canza maka a yini guda. In Becker ne ko Blaupunkt, waɗanda aka saba gani a motocin Jamus, juya bayansa ka duba. Da yawansu suna da wani zagayayyen soket mai 'yan ramuka, wanda aka tanada don jona na'urar kaset. Ta nan ake shigar da 'yar na'urar Bluetooth da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, a ɓoye ta a baya, kana kunna karatu daga wayarka yana fita ta rediyon da ya girme ka. In mai kaset ne, akwai kaset na musamman da ke karɓar sauti daga waya. Akwai kuma ɗan abin da ake soka wa a ramin kunna sigari yana aika sautin ta zangon FM, sai dai a gari irin Kano da tashoshi suka cika zango, zai riƙa yi maka shisshigi da muryar wani.

Kuma kar ka raina tsohon rediyon nan. Da yawa daga cikin waɗanda aka kawo ƙasashenmu suna da gajeren zango, don da shi iyayenmu suka riƙa kama Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, da Muryar Jamus, ko suna tsakiyar daji. Sababbin da ke kasuwa akasarinsu FM ne da matsakaicin zango kawai. Da tsohuwar zuma ake magani. Wani abin lura ga mai sayen na hannu: rediyon da aka cire daga motar da aka yi don kasuwar Japan, yawanci FM ɗinsa daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, alhali namu daga 87.5 ne zuwa 108. Ka saye shi, Freedom Radio da ke kan 99.5 a Kano ma ba za ka kama ba.

In kuwa ranka ya kafe a kan sabo, hanyoyi suna nan. Ana barin tsohon a mazauninsa don ado, a ɗaura sabon a cikin durowar dash ko a ƙarƙashinsa da 'yan ƙarafan riƙo, a yi amfani da ramukan notin da ke wurin tun asali. Ana ma iya barin rediyo gaba ɗaya, a sa ƙaramar amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin kujera, waya ta zama ita ce komai. Wanda aljihunsa ke da nauyi kuma, kamfanoni sun gane akwai masu wannan buƙata. Blaupunkt ya sake fito da samfurinsa Bremen SQR 46 na shekarun 1980 da fuskarsa ta da, cikinsa kuwa na yau. RetroSound a Amurka na yin masu sanduna biyu da ake matsawa su dace da hujin tsohuwar mota. Porsche da kansa yana sayar wa masu tsofaffin 911 irin wannan. Mutanen da suka ƙera motocin ma ba su yarda a yanka ba, balle kai da ka tsinci guda ɗaya da ƙyar. Duk abin da aka cire kuma, rediyo ne, murfi ne, ko ɗan maɓalli, sa shi a kwali ka rubuta suna ka ajiye a ɗaka. Kar ka bar wa yaran gareji. Ranar da za ka sayar da motar, ko ka miƙa wa naka ɗan, kwalin nan zai yi magana.

Yanzu mu zo kan wuta, don yankan dash asarar kyau ce da kuɗi, amma wayarin da aka yi da ganganci asarar mota ce ɗungurungum, wani lokaci har da rai.

Kafin a sayi komai, a san irin wutar motar. Rediyon zamani bolt 12 yake ci, kuma an gina shi a kan cewa negatif ɗin batir ne ke ɗaure da bodi. Beetle ɗin da aka yi kafin wajen 1967 bolt 6 ne da ita. Motocin Ingila da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960, irin su Morris Minor da tsohuwar Land Rover, fozitif ne ke ɗaure da bodinsu. Ka sa sabon rediyo a irin wannan ba tare da an juya tsarin ko an sa na'urar da ke daidaitawa ba, kafin ka ji sauti za ka ji ƙauri. Buɗe bonet ka bi kan batir da ido ka ga wanne ne ya tafi jikin ƙarfe, a sa mita a auna. Minti biyu ne. Matambayi ba ya ɓata.

Bari in nuna maka abin da mu masu gyara muke tararwa in aka kawo mota tana cin fis ko tana kashe batir. Ka kwanta a ƙasan sitiyari da tocila, ka ɗaga kai. Za ka ga wayoyi an fere su da haƙori ko reza, an murɗa su da yatsa, an naɗe da baƙin salatif. Zafin mota ya narkar da gam ɗin, salatif ya saki ya zame, yana maƙale a gefe yana danƙo, jan ƙarfen waya tsirara yana lilo tazarar yatsa ɗaya da ƙarfen sitiyari. Ka taɓa tsohuwar wayar motar ta asali, rigarta ta bushe, kana lanƙwasawa tana ɓarewa. Ka buɗe akwatin fis, ka tarar wanda ya ƙone an naɗe shi da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba. Mai motar kuma yana tsaye yana ce maka jiya-jiya lafiya lau take. Ranar da ta kama, sai a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, amma wannan da hannu aka gayyato shi.

Fis ba don rediyo aka yi shi ba, don waya aka yi shi. In wuta ta haɗu da bodi, batirin mota na iya turo ɗaruruwan amfiya a take, waya ta yi ja, rigarta ta kama, kafet ya karɓa. Fis shi ne wanda ya yarda ya mutu kafin waya ta yi zafi. Saboda haka duk sabuwar wayar da za a ja daga batir, fis ɗinta ya zauna kusa da kan batir, kar ya wuce santimita 30 zuwa 45. In an sa shi can ƙarshe kusa da amfilifaya, duk tsawon wayar da ta ratsa ƙarƙashin kafet ba mai gadinta. Inda za ta huda bangon da ya raba inji da ɗaki, dole a sa mata zoben roba, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakin ƙarfe ya riƙa cin rigarta a hankali har ya kai ga tsoka. Kowace mahaɗa a liƙe ta da dalma ko a matse ta da kan waya na ƙwarai, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Kafin a fara aikin kuma a cire kan batir ɗin da ke ɗaure da bodi. Mai Beetle ya ƙara kula, batirinsa a ƙarƙashin kujerar baya yake, in ba murfi a kansa, mai nauyi ya zauna, sifirin kujera ya taɓa kawunan batir, an sha yin gobara ta haka. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wayar kanta ma sai ka sa ido. Kasuwa ta cika da wadda ake ce wa ta jan ƙarfe, alhali alminiyom ce aka yi wa wanka. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, ga saurin cin tsatsa a mahaɗa. Kankare sili ɗaya da wuƙa a gaban mai shago: in cikinsa fari ne, ajiye masa abinsa. Wata kuma rigar ce mai kauri, tsokar ciki 'yar siririya. Amfilifaya matsakaiciya tana son waya mai lamba 8, babba tana son lamba 4, don a wannan lissafin lamba na raguwa kauri na ƙaruwa. Araha ba ta ado.

A bayan sabon rediyo za ka ga wayoyi kala-kala, uku daga ciki ka san su ko da ba kai za ka yi aikin ba. Rawaya tana son wuta kullum, ita ke riƙe masa agogo da tashoshi. Ja tana son wuta sai an murɗa makulli. Baƙa ta bodi ce, a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare wa fenti da tsatsa. Mai gaggawa sai ya haɗe ja da rawaya ya jona su wuri guda a wutar kullum. Rediyo ba zai taɓa yin barci sosai ba, in yana jan rabin amfiya kawai, batir mai amfiya 60 zai zama fanko cikin kwana biyar, tun kafin nan ma ya kasa juya inji. Tsohuwar mota kuwa ba kullum ake fita da ita ba. Sai ka zo ranar Juma'a da babbar riga kana neman masu turi. Akwai kuma kishiyar wannan. Wasu tsofaffin motoci makullinsu ba shi da matsayin kunna rediyo kaɗai, sai samari su murɗa shi zuwa inda fitilun dash ke kamawa, su zauna hira ƙofar gida awa biyu inji a kashe. A motar da ke da kwantak, wannan na iya gasa kwayil ya ƙone kwantak ɗin. Maganinsa ɗan makunni na daban mai fis ɗinsa, a ɓoye a ƙarƙashin dash.

Sifiku su ne inda aka fi yin ɓarna bayan dash, don a nan ake huda kwalin ƙofa da allon da ke ƙarƙashin gilashin baya. Kwalin ƙofar 504 ko na Marsandi mai ɗinkinsa na asali, in aka yi masa rami ya gama. Kafinta zai iya yanka maka falanki daidai da allon baya, a lulluɓe shi da yadi mai kalar kujeru, a huda wannan, na asalin a jingine shi a ɗaka. Ana yin 'yan akwatuna a tura ƙarƙashin kujerun gaba. Ramukan sifika na asali kuma, ko da ƙanana ne, sifikun yanzu masu girman santimita 10 sun fi na da nesa ba kusa ba. Mai W123 salun ya buɗe kunne a nan: tankin mansa a tsaye yake a bayan kujerar baya, tsakaninta da but. Duk wanda zai ɗaura akwatin wufa ko ya huda wani abu a wannan bangon da doguwar kusa, tsayar da shi ka nuna masa.

Akwai wani tarko da ke cinye sababbin rediyoyi a tsofaffin motoci, har a zagi mai shago a ce jabu ya sayar. A da, waya ɗaya ake ja wa sifika, ɗaya ɓangaren a ɗaure a bodi, ko sifiku su yi tarayya a waya guda. Rediyon yanzu ba ya jure haka, kowace sifika wayoyinta biyu ne nata na kanta, kuma ba wadda za ta taɓa bodi. In aka jona shi a tsohon wayarin, sai ya yi zafi ya yi shiru. A Marsandi akwai ɗan gargare kusa da giya da ke raba sauti tsakanin gaba da baya, shi ma irin wancan tsarin ne. A bar shi a wurinsa don kyau, a ja sababbin wayoyi su kewaye shi. A duba kuma sifikun su zama masu om 4, don shi rediyon yanzu ya sani.

Sai maganar ƙarfi. In ka ga an rubuta wat 50 sau 4 a kwali, ka sani ƙololuwar da yake taɓawa ne na ƙiftawar ido, abin da yake bayarwa a zaune bai fi 15 zuwa 22 a kowace sifika ba, kuma wannan ya ishi cikin mota. Rigima tana farawa ne in an ce sai unguwa ta ji. Amfilifayar da ke ba da wat 500 na gaskiya tana iya jan amfiya kusan 50 in an ƙure ta. Altanetar motocin shekarun 1970 da yawa tsakanin 35 da 55 take bayarwa gaba ɗaya, masu dainamo ma ba su kai haka ba, kuma a cikin wannan ne fitilu da waifa da fanka da kwayil ke cin abinci. Shi ya sa za ka ga mota da daddare fitilunta na lumshewa daidai da bugun ganga. Abin dariya ne a cikin gari, amma a hanyar Zariya da tsakar dare, tirela na tahowa, ba dariya. Sa mita a kan batir inji na aiki: in caji lafiya yake za ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Kunna fitilu da sauti, in ya faɗo ƙasa da 13 ya zauna, ka ɗora wa motar abin da ya fi ƙarfinta. Ko ka rage buri, ko a sa altaneta mafi girma tare da wayoyin da suka dace da ita.

In an gama ka ji wani siririn kuka da ke tashi in ka taka totur ya sauka in ka saki, altaneta ce ke shiga sautin, yawanci saboda wayar bodi ba ta kama da kyau ba, ko an kwantar da wayar sauti jere da ta wuta. A raba su, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas ne mai bin bugun inji, filogi ne da wayoyinsu, a sa masu rizisto.

Wani abu kuma da ba a rubuta shi a kwalin rediyo ba. Motar yanzu tana da kwamfuta, in wani abu ya same ta sai ta kunna maka fitila. Tsohuwar mota da murya take faɗin ciwonta. Bel in ya saki zai yi ƙara, boris in ya fara ci zai yi gurnani, tafet zai yi ƙyas-ƙyas, birki in ya cinye zai yi kuka tun kafin ya ƙi kamawa. Iyayenku da suka kai 504 Maiduguri suka dawo, da kunne suka riƙa tuƙi. In ka rufe wannan muryar da wufa, sai abin ya faɗi a hanya za ka sani. Ka saba wa kanka, minti biyar na farkon tafiya rediyo a kashe, gilashi a ƙasa. Kunnen naka ma abin tattali ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauti mai ƙarfi, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Allon kallo a motar da ba ta da jakar iska, birkinta kuma na zamanin da ne, ba sai na ja maganar ba, ba a haɗa gudu da susar katara. Rage sauti in za ka wuce masallaci ko asibiti ko gidan makoki kuwa, wannan tun a gida aka koya maka. Motar da kowa a unguwa ya san ta mahaifinka ce, duk inda ta yi rashin kunya da sunansa za a kira ta.

Wanda zai yi maka aikin, kar ka zaɓe shi don ya ce awa ɗaya ya gama. Dubi bencinsa. In ka ga mita da ƙarfen dalma da kwalin fis iri-iri, zauna. In ba abin da ke hannunsa sai filaya da salatif da 'yar fitilar gwaji, yi masa sallama cikin mutunci. Faɗa masa tun farko, a gaban yaransa, cewa ba yanka ba huji sai da saninka, kuma ba a datse wayar mota ta asali, sabon layi za a ja daga batir. Kar ka kai aikin ana jibi Sallah ko ana gobe ɗaurin aure, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka zauna a wurin, ko da za ka sayi shayi sau biyu. Ya zana maka a takarda wace waya ta tafi ina, fis nawa ne kuma ina suke, ka ninke ka sa a durowar dash, don wanda zai taɓa motar bayansa ba zai yi duba ba. Tukunyar kashe gobara da jami'an FRSC ke tambaya a hanya, sayi ta gaske mai aiki, ka ajiye ta inda hannu zai kai daga kujerar direba, ba can ƙarƙashin safaya ba.

In ya ce ya gama, kar ka biya duka. Gwada fitilu da sigina da hon da waifa ɗaya bayan ɗaya, don sau da yawa garin cusa hannu a bayan dash ake tuge wata waya. Yi tafiyar rabin awa sauti a kunne, ka tsaya ka shafa wayar wutar da gidan fis, ɗumi kaɗan ba komai, zafi kuwa a sake aiki. Shanshana ƙasan dash. Sannan ka kai ta gida ka rufe, kar ka taɓa ta kwana uku ko huɗu. In ka dawo ta tashi da bugu ɗaya, agogon rediyo kuma bai ɓata ba, sai ka koma ka ba shi cikon kuɗinsa, ka ɗora wa yaransa na goro.